Bashin Masu Kamfani, Rigar Mai Saye ce ke Biya

A ƙarshen watan Oktoban 2008, saura 'yan kwanaki a yi zaɓen shugaban ƙasar Amurka, Michelle Obama, matar ɗaya daga cikin 'yan takarar, ta bayyana a shirin talabijin na Jay Leno. A wancan makon ba a maganar komai sai dala 150,000 da jam'iyyar Republican ta kashe wajen yi wa 'yar takararta ta mataimakin shugaban ƙasa, Sarah Palin, da iyalinta sutura. Da Leno ya tambayi matar Obama kuɗin kayan da ke jikinta, sai ta ce ai a kantin sutura na J.Crew ta saye su. Riga da siket da suwaita, duka ba su kai dala 350 ba. Bayan wata uku, ranar rantsar da mijinta, safar hannunta da rigunan sanyin 'ya'yanta mata biyu daga kamfanin suka fito.

Babu tallar da ta fi wannan. Kamfanin ya ɗauki sunan J.Crew ne a 1983, yana aika wa mutane littafin hotunan kaya ta gidan waya su zaɓa, kafin ya buɗe kantinsa na farko a birnin New York a 1989. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis da ɗaliban jami'a su ne 'yan cinikinsa. Abin da ke kai su kuwa ba ɓoyayye ba ne: rigar auduga mai kauri, wando mai jure wanki, suwaitar ulu da mutum zai shekara goma yana sawa. Kuɗinsu ya ɗara na kantin talaka, amma mai albashi yana iya saye ba tare da ya shiga uku ba.

Ranar 4 ga Mayun 2020, wannan kamfani ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi, ya zama babban kantin sutura na farko a Amurka da ya durƙusa a zamanin korona. Da yawa sun ɗora wa annobar laifi. Amma annobar ta tarar da mara lafiya ne a kwance. Ciwon ya faro tun shekara tara kafin nan, kuma masu saye ne suka fara jin sa a jikin rigunansu tun kafin masana kasuwa su gan shi a takarda.

A 2011 wasu kamfanonin zuba jari biyu, TPG Capital da Leonard Green & Partners, suka sayi J.Crew a kan kusan dala biliyan 3. Irin wannan ciniki yana da nasa salo. Masu sayen sukan kawo wani kaso na kuɗin daga aljihunsu, su ranto sauran, sa'annan su ɗora bashin a wuyan kamfanin da suka saya. Tamkar mutum ne ya sayi saniya da rance, ya ce nononta ne zai biya bashin, ya kuma rage mata dusa don kuɗin ya taru da wuri. A 2013 aka sake ranto dala miliyan 500, mafi yawansu aka raba wa masu kamfanin a matsayin riba, ba a sa su a masaƙa ko a kanti ba. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa daga 2011 zuwa faɗuwar kamfanin, abin da masu shi suka karɓa na riba da ladan shugabanci ya haura dala miliyan 760.

Kamfanin sutura ba shi da rijiyar mai. Duk kuɗin ruwan da zai biya, daga riga zai fito, kuma ƙofa biyu ce kawai: a ƙara wa rigar kuɗi, ko a rage abin da ake kashewa wajen yin ta.

Masu sana'ar sun san hanyoyin ragewar sarai, kuma kusan duka ido ba ya kama su a kanti. Ana rage nauyin yadi kaɗan, yadda sai an ɗaga shi a rana za a ga hannu ta ciki. Ana sayen auduga mai gajeren sili a maimakon mai dogo. Ana cakuɗa ulu da zaren roba. Ana buɗa tazarar ɗinki don keke ya yi sauri, a cire shafin ciki, a ƙanƙance kalmasa yadda tela ba zai sami abin da zai saki ba in mai riga ya yi ƙiba, a sa maɓallin roba inda a da ake sa na ƙaho. Ulun kashmiya, wanda ake tajewa daga jikin wasu awakin Mongoliya da arewacin Sin, ya fi kowane nuna wannan bambanci. Dogon gashi yana da tsada amma yana daɗewa. Gajere kuwa a kanti ya fi laushi, sai an sa shi sau kaɗan ya tashi ya yi gudaji-gudaji a hammata da gwiwar hannu. Kowane ragi a cikin waɗannan bai fi 'yan kwabbai ba a riga ɗaya. A miliyoyin riguna kuwa, kuɗi ne mai tsoka.

J.Crew ya taɓa ƙofofin biyu, in ji waɗanda suka daɗe suna ciniki da shi. A ƙarƙashin shugabansa Mickey Drexler da mai tsara kayansa Jenna Lyons, kamfanin ya shiga baje kolin gayu na New York, ya cika littafin tallarsa da siket da riguna masu ƙyalli na ɗaruruwan daloli. Kayan yau da kullum da aka san shi da su kuma sai ƙorafi ya yi yawa a kansu: suwaita tana hujewa, wuyan riga yana saki, awo yana sauyawa daga wannan shekara zuwa waccan. A 2015 tsofaffin 'yan ciniki suka riƙa rubuta wa kamfanin buɗaɗɗun wasiƙu, wasu suka yi gangami a Instagram suna neman a dawo musu da J.Crew ɗin da suka sani. A shekarar ne wata gajerar suwaita mai suna Tilly, wadda aka kawo ta maye gurbin wata da mata ke so, ta yi kwantai har shugaban kamfanin da kansa ya ambace ta a gaban masu zuba jari. Aka sallami ma'aikata 175, yawancinsu a hedikwata. Ciniki ya yi ta sauka fiye da shekara biyu a jere.

Da kaya suka ƙi tafiya sai aka koma rangwame. Yau a zabtare kashi 30 cikin ɗari, jibi kashi 40, har mutane suka gane cewa wanda ya biya kuɗin da ke rubuce a jikin riga ya yi gaggawa. Ga kuma rassan J.Crew Factory, inda ake sayar da kaya masu kama da na babban kantin, waɗanda tun asali an ɗinka su ne da araha don can. Mai saye ya rasa gane ainihin darajar abin da ke hannunsa. Wannan ɓarna ta fi ta yadi muni, domin yadi ana iya gyara shi a kaka mai zuwa, amma wanda ya daina yarda da farashin kanti ba ya dawowa da sauƙi.

A ƙarshen 2016 kamfanin ya yi wani abin da lauyoyin bashi ke kafa misali da shi har yau. Ya ɗauki kashi 72 cikin ɗari na haƙƙin mallakar sunansa, wanda aka ƙiyasta a kan dala miliyan 250, ya mayar da shi wani reshe a tsibiran Cayman, daga baya ya jinginar da shi wajen sabunta bashi. Wato kadara mafi daraja da ta rage masa ita ce sunan da tsofaffin riguna masu kyau suka gina. A 2017 Drexler ya amsa wa jaridar Wall Street Journal cewa sun tafka babban kuskure da suka bari mutane suka ɗauke su kantin masu hannu da shuni. A shekarar shi da Lyons suka sauka daga kujerunsu, aka kuma daina buga littafin tallar da kamfanin ya tashi da shi.

Adalci ne a faɗi uzurin da kamfanoni irin wannan ke kawowa, domin akwai gaskiya a ciki. A watan Maris na 2011 farashin auduga a duniya ya haura dala 2 kan kowane fam, abin da ba a saba gani ba. Albashin masu ɗinki a Sin ya yi ta hawa. A 2021 kuɗin dakon babbar kwantena ɗaya ta jirgin ruwa ya wuce dala 10,000. Ga Zara da H&M, daga baya ga Shein, suna zuba sababbin kaya kowane mako a farashin da mai yadi na gari ba zai iya gogawa da su ba.

Sai dai tsadar kayan aiki ba ta halatta ɓoyewa. Kamfanin Uniqlo na Japan ya ƙara farashi a 2014 da 2015, masu saye suka ja baya, mai kamfanin Tadashi Yanai ya yarda an yi kuskure, aka sauko da kuɗin a 2016. Da tsada ta sake matsa shi a 2022, sai ya fito fili ya sanar cewa fitacciyar rigar sanyinsa za ta tashi daga yen 1,990 zuwa 2,990. Mutum yana iya jin haushin ƙarin, amma ya san abin da ya faru, zaɓi kuma yana hannunsa. Wanda aka rage wa kaurin yadi a ɓoye aka bar masa tambarin da ya sani, shi ba a ba shi wannan zaɓin ba. Tauye mudu ne, ko da ba a kasuwar hatsi aka yi shi ba.

Matsalar ta wuce kamfani ɗaya. Tsakanin 2000 da 2014 yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka, ya haura guda biliyan 100 a shekara. Gidauniyar Ellen MacArthur ta ƙiyasta a 2017 cewa yawan sawar da ake yi wa riga kafin a jefar da ita ya ragu da kashi 36 cikin ɗari a cikin shekara 15. Fiye da rabin zaren da ake sarrafawa a duniya yanzu na roba ne, wanda asalinsa man fetur ne.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, domin abin da Bature ya cire daga jikinsa, dila ake ɗaure shi a turo Afirka. Kasuwar Kantamanto a Accra tana karɓar gwanjo kusan guda miliyan 15 a kowane mako, in ji ƙungiyar Or Foundation, wadda ta ce kusan kashi 40 cikin ɗari a juji suke ƙarewa. Ƙungiyar dillalan gwanjon Ghana tana musanta wannan adadi, tana cewa shara ba ta kai haka ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne, ɗan gwanjo a rufe yake sayen dila, bai san abin da ke ciki ba sai ya fasa. A Najeriya doka ta hana shigo da gwanjo, amma ta Kwatano da sauran iyakoki yake shigowa har ya kai Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna. Rigar da aka ɗinka don a sa ta sau goma a Amurka ba ta da sauran rai idan ta iso can. Ɗan kasuwa ya biya kuɗin dila da dala mai tsada, zaɓen farko ya yi ƙaranci, magidancin da ya dogara da gwanjo wajen tufatar da yaransa lokacin hunturu ya sayi abin da ba zai kai bazara ba.

J.Crew bai mutu ba. Ya fito daga kotu a watan Satumbar 2020 bayan an mayar da bashin sama da dala biliyan 1.6 hannun jari, masu bin bashin ƙarƙashin Anchorage Capital suka karɓi ragama. Sababbin shugabannin sun koma tallar tsofaffin samfuran da aka san kamfanin da su, har suka farfaɗo da littafin talla a 2024. Wannan kaɗai shaida ce cewa tun farko masu ƙorafin ne ke da gaskiya.

Saboda haka mai saye, ko a babban kanti yake ko a gaban tarin gwanjo, kada tambari ya rufe masa ido. Ya juya rigar ya duba ɗinkin ciki, ya ja kalmasa ya ga ko zare zai buɗe, ya ɗaga yadin a haske, ya karanta 'yar takardar da ke gefe ya san kashi nawa ne auduga, kashi nawa ne roba. 'Yan kasuwarmu da teloli kuma, waɗanda tsadar dala ke matsa wa lamba kowace rana, in kaya sun tashi su gaya wa abokin ciniki sun tashi, in yadin ba irin na bara ba ne su faɗa masa tun kafin ya miƙa kuɗinsa.