Santambul: Haɗarin da ke kwance a ƙarƙashin tsohon birni

Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.2 da ta auku a Tekun Marmara ranar 23 ga Afrilun 2025 ba ta yi wa Santambul mummunar ɓarna ba, amma ta farfaɗo da fargabar da masana suka daɗe suna bayyanawa game da wannan birni na Turkiyya mai mutum fiye da miliyan 15.

Tushen fargabar shi ne wata doguwar tsaga a ƙarƙashin ƙasa da ta ratsa arewacin ƙasar, ta bi ta cikin tekun, kimanin kilomita 20 kudu da birnin. Ɓangarenta da ke daura da Santambul bai yi babban motsi ba tun shekarar 1766, lokacin da Masallacin Fatih ya rushe. Masana na ganin tsawon shirun alama ce ta ƙarfin da ke ci gaba da taruwa.

Sai dai ba ƙarfin girgiza kaɗai ke yanke hukunci ba, irin ƙasar da gini ya zauna a kai ma tana da nata. Dutse kan miƙa girgiza yadda ta zo, ƙasa mai laushi kuwa, ko wadda aka cike a bakin ruwa, sai ta ninka ta. An ga haka a girgizar Izmit ta 1999, wadda ta halaka mutum fiye da 17,000: unguwar Avcilar da ke yammacin Santambul tana nesa da cibiyar girgizar, amma ita ta fi kowace unguwa a birnin asarar rayuka, saboda yanayin ƙasarta.

Tsohon birnin, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, ya haɗa nau'o'in ƙasar biyu. Masallacin Aya Sofiya yana kan tudu mai ƙwari, duk da haka ƙubbarsa ta rufta a shekarar 558 bayan wata girgiza, shi ya sa a 2025 hukumomi suka fara aikin ƙarfafa ta. Gaɓar teku ta wajen Yenikapi kuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da laka ta cike.

A nan ne gizo ke saƙar. Manyan masallatai suna da masu kula da su da kasafin kuɗi, amma dubban gidaje da shaguna da aka gina kafin 1999 ba su da wannan gata, ga lunguna matsattsu da motar agaji ba za ta ratsa cikin sauƙi ba. Cikin wannan yanki ne unguwar Laleli take, inda 'yan kasuwar Najeriya ke sauka sarin tufafi, haka ma Babbar Kasuwar birnin da girgizar 1894 ta lalata.

Don haka gyaran ƙubba kaɗai ba zai wadatar ba. Aikin da ke gaban hukumomi shi ne su bi taswirar ƙasar unguwa-unguwa, su fara ƙarfafa gine-ginen da suka haɗa tsufa da ƙasa mai rauni, tun kafin tsagar ta motsa.