Gidajen Yaƙin Normawa: Don Wa Aka Gina Su?

In muka buɗe littafin tarihin Ingila muka ga hoton hasumiya bisa tudu, nan da nan sai mu ce ga ganuwa, ga mafakar talakawa. A ganinmu wannan fahimta ba daidai ba ce, bai kuwa kamata mu kai ta gaban yara ba.

Cikin shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Mutanensa 'yan dubbai ne, 'yan ƙasa kuwa sun haura 1,000,000. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To, gidan yaƙin nan da Turawa ke kira kasul, shi ne dabarar da Normawa suka yi don su karya wannan magana.

Ginin farko ba shi da wuya. Sai a tattaro mutanen wurin a sa su haƙa gwalalo, ƙasar da suka haƙo a tsiba ta a tsakiya har ta zama tudu, kana a kafa hasumiyar itace a bisa. A gindin tudun sai a kewaye fili da kafi, nan ne barga da rumbuna da ɗakunan mayaƙa. Daga nan barade kan fita su zaga ƙauyuka, su komo kafin dare. Sannu a hankali aka koma ginin dutse. Farar Hasumiya ta Landan, wadda aka soma wajen 1078, tsawonta ƙafa 90 ne, har daga Normandi aka yi jigilar waɗansu duwatsunta cikin jiragen ruwa.

Mu dubi shaida. Littafin ƙidayar da Wiliyam ya sa aka yi a 1086 ya nuna gidaje 166 aka rushe a garin Linkon domin a sami filin kasul. A 1069 kuma, da mutanen arewa suka yi tawaye da taimakon Danishawa, kasul biyu na garin Yok suka afka wa. Lalle sun san don wa aka gina su. Amma garuruwan da Sarki Alfared ya ƙarfafa tun kafin shekarar 900, duk mai gudun hari yana iya shigarsu da iyalinsa. Wannan ita ce ganuwa. Kasul kuwa gidan mutum ɗaya ne da jama'arsa, mai ƙasa yana waje.

Ba mu musun gwanintar magina, ba mu kuma manta cewa a nan aka riƙa yin shari'a da ajiyar dukiya ba. Abin da muke roƙon 'yan'uwa shi ne, ran da muka zana tudun nan a allo, kada mu tsaya ga faɗin tsawonsa. Mu tambayi yara wa ya ɗauki ƙasar, wa kuma aka kulle wa ƙofa bayan an gama.