Ƙarancin jini ga masu juna biyu: Cutar da Zariya ta daɗe da sanin maganinta

A unguwar Kwarbai, kamar sauran unguwannin cikin ganuwar Zariya, idan mai juna biyu ta fara haki daga ɗaukar bokitin ruwa, ko jiri ya riƙa ɗibarta, ko tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari, akan ce laulayi ne, zai wuce. Sau da yawa ƙarancin jini ne, shi kuwa ba ya wucewa da kansa.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai cikin da sinadarin himogulobin na jininta ya gaza giram 11 a kowace desilita tana da ƙarancin jini, idan ya sauka ƙasa da 7 kuma ya yi tsanani. Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a ƙasar suna fama da matsalar.

Ranar haihuwa ce take tona asiri. Zubar jinin da mace mai ƙoshin lafiya za ta jure, tana iya yin ajalin wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan. Idan abin ya yi tsanani zuciya kan gaza, ana kuma iya haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi, wani lokacin ma a rasa ɗan tun yana ciki. Manyan dalilan sanannu ne: rashin sinadarin ƙarfe a abinci, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, cutar sikila, da kwanika wadda ba ta barin jiki ya mayar da abin da ya rasa.

Abin takaicin shi ne, a Zariya aka yi wani ɓangare na binciken da ya wayar wa duniya kai kan wannan lamari. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Sun gano matan da ba su yi awon ciki ba sun fi mutuwa nesa ba kusa ba. A 1986 kuma wani nazari da Farfesa Alan Fleming ya jagoranta a nan garin ya nuna rigakafin zazzaɓin cizon sauro tare da maganin ƙarin jini na kare masu cikin fari.

Shekara arba'in ke nan, maganin kuma sananne ne: ƙwayar sinadarin ƙarfe da folik asid kullum, Fansidar aƙalla sau 3 bayan ciki ya wuce wata uku, kwana cikin gidan sauro, da zuwa awo har sau 8. Amma har yau kunyar cikin fari na sa a ɓoye ciki sai ya tsufa, wasu kuma na ajiye ƙwayoyin saboda jita-jitar cewa suna ƙara wa jariri girma har haihuwa ta gagara.

Nauyin farko yana wuyan magidanta. Izinin zuwa awo tun watannin farko, kuɗin mota, da cefanen wake, zogale, alayyahu, kifi da hanta gwargwadon hali, duk sun fi arha a kan neman ledar jini da tsakar dare a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko a Shika. Ya kamata kuma a daina shan shayi tare da ƙwayar, domin yana hana jiki karɓar sinadarin.

Gwamnatin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Zariya su tabbatar kowane ƙaramin asibiti na da na'urar gwajin jini da magunguna ba tare da yankewa ba. Fadar Zazzau, wadda take maƙwabtaka da waɗannan gidaje, da masu unguwanni da limamai, su ja hankalin maza kan awo da bayar da gudunmawar jini. Rigakafi ya fi magani, kuma Zariya ba ta da uzurin cewa ba ta sani ba.