Daga Allon Malam: Kowace Kalma Tana da Dangi

Iyaye da yawa suna kukan cewa yaransu kan haddace kalmomin Turanci da dare, gari na wayewa sun manta. Abin damuwa ne, gama yaron da ya faɗi Turanci a jarrabawar gama sakandare, da wuya ya sami shiga jami'a, ko da ya ci sauran darussa. Dalilin mantuwar kuwa shi ne, yaro yana ɗaukar kalma kamar baƙon da aka gamu da shi a kasuwa. Bai san gidansu ba, bai san danginsa ba, yaya zai tuna da sunansa?

Mu da muke zaune a kudancin kogin Kaduna, darasin yana bakin ƙofarmu. Ku dubi sunan Sabon Tasha. Tasha ba wani abu ba ne sai station da bakin Bahaushe ya gyara. Ita kuma station ta fito ne daga wata kalmar Latin, harshen Romawan dā, mai ma'anar tsayawa. Ashe tasha wurin tsayawa ce. Yaron da ya gane wannan, in ya ga stationary zai san ana nufin abin da yake tsaye, ba ya motsi.

Ga kuma unguwar Television. Tele kalmar Helenanci ce, ma'anarta nesa, vision kuwa gani. Wato gani daga nesa. Da wannan tele guda ɗaya yaro ya kama telephone, murya daga nesa, da telescope, abin hangen nesa. Ya koyi ɗaya, ya sami uku.

A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957. Yau masaƙar a rufe take, amma kalmar tana nan. Textile daga kalmar Latin ta saƙa take, haka ma text, wato rubutaccen nassi. Mutanen dā sun ga mai rubutu yana haɗa kalmomi kamar yadda masaƙi yake haɗa zare.

Asibiti ma daga hospital muka samo ta, asalinta kuwa kalmar Latin ce ta baƙo. A ƙasashen Turai na dā, masu bi sukan gina gidaje domin sauke baƙi da matalauta da marasa lafiya. Hotel da hostel 'yan ɗaki ɗaya ne da ita.

Sai dai a yi hankali. Kalma takan bar gidansu ta yi nisa. School ta fito daga kalmar Helenanci mai ma'anar lokacin hutu, amma kada wani yaro ya kawo wa malaminsa wannan hujja ranar Litinin! Asali yana taimakon tunawa, amma ma'anar da ake aiki da ita yau sai a duba yadda kalmar ta zauna cikin jimla.

Saboda haka, iyaye, ku nemi ƙamus mai nuna asalin kalmomi. Bayan addu'ar yamma, a ɗauki kalma ɗaya tak, a nemo asalinta da danginta biyu, yaro ya sa kowacce cikin jimla. Ko ba ku ji Turanci sosai ba, ku sa shi ya bayyana muku da Hausa. In ya iya bayyanawa, to, ya gane.

Ku fara da goodbye. Taƙaitawa ce ta tsohuwar gaisuwar Turawan Ingila mai nufin Allah ya kasance tare da kai. Haka nake yi muku fata har wata mai zuwa.