Hannun da aka ɗaga a Kwamitin Sulhu

Ranar 20 ga Fabrairu, 2024, Aljeriya ta gabatar wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin neman a tsagaita wuta nan take a Gaza. Ƙasashe 13 cikin 15 suka amince, Birtaniya ta ƙaurace, sai hannu ɗaya tak ya tashi ya rusa ƙudurin. Hannun Linda Thomas-Greenfield ne, jakadiyar Amurka a Majalisar a lokacin. Mutanenmu da yawa da suka ga hoton sun yi ta mamakin yadda baƙar mace, wadda ta san Afirka ciki da bai, za ta hau kujerar na-ƙi alhali ana zaƙulo gawarwakin yara daga ɓaraguzai. Mu ma abin ya yi mana ciwo, har gobe kuma muna ganin matakin kuskure ne babba. Sai dai mamakin ba ya da wurin zama ga wanda ya bi tarihin matar.

An haife ta a 1952 a garin Baker na jihar Luwiziyana, ita ce babba cikin 'ya'ya takwas, a gidan da uba bai samu karatu mai nisa ba. Ta yi sakandare a makarantar da aka keɓe wa baƙaƙen fata. Ta gama Jami'ar Jihar Luwiziyana a 1974, ta ƙaro karatu a Wiskonsin, ta ɗan taɓa koyarwa, sannan ta shiga aikin jakadancin Amurka a 1982. Daga ƙasan tsani ta faro, a Jamaika. Daga nan aka yi ta jefa ta Nijeriya, Gambiya, Kenya, Pakistan, Suwizalan.

A Afrilun 1994 aiki ya kai ta Kigali, ana gab da fara kisan ƙare-dangi. Kamar yadda ta sha bayarwa da bakinta, wani matashi ya ɗora mata bindiga yana zaton 'yar Tutsi ce. Ta dube shi, ta gaya masa sunanta, ta tambayi nasa, har ya bar ta da ranta. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri ba sai an karanta masa rahoto ba kafin ya gane abin da ake nufi da fararen hula a fagen yaƙi.

Sai da ta shekara 26 tana aiki kafin a kira ta jakadiya. A 2008 aka tura ta Laberiya, zamanin Shugaba Ellen Johnson Sirleaf, ƙasar na ƙoƙarin miƙewa daga yaƙin basasa. Ta dawo a 2012 ta shugabanci ma'aikatan jakadancin ƙasarta gaba ɗaya, daga 2013 zuwa 2017 kuma ta riƙe sashen Afirka a ma'aikatar harkokin waje, daidai lokacin da aka sace 'yan matan Chibok, Ebola kuma ta afka wa Afirka ta Yamma. An san ta da gayyatar abokan tattaunawa gidanta ta dafa musu gambo, miyar mutanen Luwiziyana wadda sau da yawa ake yi da kuɓewa, don ta lura baki ya fi sakewa a gaban kwano. Ta ajiye aiki a 2017, Shugaba Biden ya sake kiranta a 2021 ya ba ta kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya.

To ina wannan duka ya tafi ranar da ta ɗaga hannu? Bai tafi ko'ina ba. Jakada ɗan aike ne, kuma ɗan aike ba ya sauya saƙo a hanya. Amurka ta shafe shekaru tana horar da wannan mata domin ta kare muradin Amurka, shi ta kare. Sanin da ta yi wa Afirka ma jari ne na ƙasarta. Ita ce ta je Adre a gabashin Cadi a Satumban 2023 ta zauna da 'yan gudun hijirar Sudan lokacin da manyan ƙasashe suka kau da kai, mun kuwa yaba. Ita ce kuma bayan shekara guda ta sanar cewa Amurka na goyon bayan a ba Afirka kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Sulhu, amma ba tare da ikon hawa kujerar na-ƙi ba. Tun 2005, a yarjejeniyar Ezulwini, Afirka ta ce kujeru biyu take so masu cikakken iko. An miƙo mana kwarya, an riƙe nonon.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne wa muke zaunarwa a ɗaya gefen teburin. Amurka ma tana raba wa masu ba jam'iyya kuɗi wasu muƙaman jakadanci, amma bisa al'ada mafi yawa kan kasance a hannun ma'aikatan da suka ci jarrabawa, suka koyi harsuna, suka yi zaman ƙananan ofisoshi. Mu kuwa a Satumban 2023 gwamnatin tarayya ta kira jakadun Nijeriya gida, aka shafe fiye da shekara guda ba a naɗa madadinsu ba, alhali juyin mulkin Nijar na ta girgiza yankin, dangi sun rabu tsakanin Maraɗi da Katsina saboda rufe iyaka. Nijeriya ta taɓa fitar da irin su Simeon Adebo, Maitama Sule da Ibrahim Gambari, waɗanda in sun yi magana a New York ake saurare.

Muna kira ga gwamnati ta fifita ƙwararrun ma'aikatar harkokin waje wajen naɗin jakadu, ta riƙa sakar wa ofisoshin jakadanci kuɗin aiki a kan lokaci. Majalisar Dattawa kuma ta daina sallamar waɗanda aka kawo mata da "rusuna ka wuce". Ta tambayi kowanne abin da ya sani game da ƙasar da za a tura shi, da harshen da zai yi magana da mutanenta.