Faɗuwar Darajar Kuɗi da Cinikin Ƙasa da Ƙasa

Farashin canji shi ne adadin kuɗin wata ƙasa da ake bayarwa a karɓi na wata, kamar yawan nairar da ke sayen dala ɗaya. Masana tattalin arziki sukan ce idan darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, kayanta kan yi araha a kasuwannin waje, na waje kuma su yi tsada a gida, ta haka manoma da masana'antunta su samu kasuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ga ƙasar da ke da abin sayarwa.

A watan Janairun 1994 an zabtare rabin darajar sefa. Fataken dabbobi na Mali da Burkina Faso sun ci riba a Abidjan, domin daskararren naman Turai ya yi tsada. Sai dai talakan birni ya ɗanɗana kuɗarsa wajen sayen magani da shinkafar waje.

Labarin Nijeriya ya fi wannan ɗaci. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rungumi shirin SAP a 1986, dala ta kai kimanin naira 4 a 1987. Manoman koko sun amfana, amma ɗanyen mai, wanda shi ne ƙashin bayan cinikin ƙasar, da dala ake yi masa farashi, saboda haka faɗuwar naira ba ta ƙara masa masu saye ba. Masaƙun Kaduna da Kano kuwa, da ke shigo da injuna da sinadaran rini, sai nauyinsu ya ƙaru. Tarihi ya maimaita kansa bayan Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023: dalar da ake canzawa kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo.

Ashe karya darajar kuɗi ba ya gina ƙasa shi kaɗai. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wajibi ne ƙasashe masu tasowa su fara wadata masana'antunsu da wutar lantarki da hanyoyin sufuri, su riƙa sarrafa auduga da fata da riɗi kafin fitarwa. Sannan ne arahar kuɗinsu za ta jawo musu ciniki, maimakon tsadar rayuwa.