Makamin baƙo ba zai kawo mana zaman lafiya ba

Tun daga daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da Amurka ta harba makamai masu linzami a jihar Sakkwato, maganar ba ta ƙare ba a majalisun Ƙofar Dumi da sauran unguwannin Bauchi. Shugaba Donald Trump ya ce mayaƙan IS aka nufa, gwamnatin Najeriya kuma ta ce da saninta aka yi. Wasu na cewa gara ma a zo a taimake mu, tunda namu sun gaza. Ba mu raina wannan magana ba. Wanda aka sace masa ɗa a hanya, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba zai tsaya tambayar daga wace ƙasa mai ceto ya fito ba. Amma duk da haka wannan jarida ba ta yarda cewa ƙarfin sojan wata babbar ƙasa zai kawo mana kwanciyar hankali ba, kuma dalilanmu na nan kusa da gida.

Mutanen Bauchi sun san yadda ƙarfi ke aiki in ba a haɗa shi da adalci ba. A nan garin ne, a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, rikicin Boko Haram ya ɓarke ranar 26 ga Yuli 2009, kafin ya bazu zuwa Yobe da Kano da Maiduguri. Cikin 'yan kwanaki aka murƙushe su, aka kashe shugabansu Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, aka ce an gama. A watan Satumba 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka tsere. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Waɗannan fa jami'anmu ne, 'yan ƙasa, masu jin harshenmu. To ina ga wanda zai danna maɓalli daga jirgin ruwa a teku, bai taɓa taka Tangaza ta jihar Sakkwato ba, bai san bambancin rugar makiyayi da sansanin ɗan bindiga ba?

A duba Libiya. A watan Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, da sunan kare fararen hula, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka ɗaga hannu. Jiragen NATO, Amurka da Faransa da Ingila a gaba, suka yi ta ruwan wuta har aka kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Waɗanda suka yi aikin suka koma gida. Rumbunan makamai suka zama ba mai tsaro, bindigogi suka ratso Sahara. A watan Janairu 2012 tawaye ya tashi a arewacin Mali, kafin wata uku Timbuktu da Gao da Kidal sun fita daga hannun Bamako. Barack Obama da bakinsa, a 2016, ya ce rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa. Ya faɗa ya wuce, mu kuwa har yau muna biyan bashin, daga Tillaberi zuwa Zamfara.

Sai aka ce maganin ƙarfi shi ne ƙarin ƙarfi. Faransa ta shiga Mali a Janairu 2013, ta kori mayaƙa daga birane, mutane suka fito suna ɗaga tutarta. Daga baya rundunarta ta Barkhane ta kai sojoji sama da 5,000. Bayan kusan shekara goma ta kwashe komatsanta daga Mali a 2022, daga Nijar a ƙarshen 2023, alhali masu ɗauke da makamai sun fi yawa, sun kuma fi faɗin ƙasa, fiye da ranar da ta zo. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez, ta bar shi a Agusta 2024, manomin Diffa bai samu ikon kwana a gonarsa ba. Kada kuma wani ya ɗauka Rasha ce mafita. A garin Moura na Mali, a Maris 2022, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano an kashe aƙalla mutum 500 a farmakin sojojin Mali da baƙin mayaƙan da ke tare da su, waɗanda ake zargin 'yan Rasha ne. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babbar ƙasa tana auna nasara da abin da za ta nuna wa masu zaɓenta: an kashe shugaban 'yan ta'adda kaza, an rushe sansani kaza. Mutumin ƙauye kuwa abin da ya dame shi daban ne. Shin zai kai kayansa kasuwar Alƙaleri ya dawo lafiya? In manomi da makiyayi suka yi rigima, akwai alƙalin da zai raba su ba tare da karɓar na goro ba? Babu makami mai linzami da ke yin wannan aiki. Haka aka yi a Afganistan: shekara 20 na yaƙi, a Agusta 2021 Taliban ta koma Kabul.

Akwai kuma abin da ya fi tayar mana da hankali. Washington ta shigo maganar Najeriya ne da sunan kare Kiristoci. An kashe Kiristoci, wannan gaskiya ce mai ɗaci, kamar yadda aka kashe Musulmi a masallatai da kasuwanni. Amma jihar da ta ga rikicin da ya faru a garin Tafawa Balewa a 1991, da abin da ya sake faruwa bayan zaɓen 2011, ta san haɗarin baƙo ya zo da bindiga yana cewa ɓangare ɗaya ya zo wa. Bayan ya tafi, mu ne za mu ci gaba da zama maƙwabta.

Ɗan wannan jiha, Sa Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke cikin Bauchi, ba maƙiyin Turawa ba ne, har ana yi masa gorin kusanci da Ingila. Amma a Janairu 1961 gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Saharar Aljeriya. A Janairu 1962 kuma ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ita da kanta ta sa wa hannu, bayan ɗalibai da 'yan adawa sun ƙi amincewa da ita. Ƙasar ba ta kai shekara biyu da samun 'yanci ba a lokacin.

Ba mu ce a rufe ƙofa ba. A karɓi bayanan sirri, a karɓi horo, a sayi kayan aiki kamar jiragen Super Tucano 12 da suka iso a 2021. Amma yanke shawarar inda za a kai hari, da ɗaukar alhakin wanda ya mutu bisa kuskure, dole su kasance a hannun wanda za mu iya tuhuma a kotu ko mu kayar a akwatin zaɓe. Don haka muna kira ga sanatocin Bauchi uku da 'yan majalisar wakilanmu su nemi a kawo duk wata yarjejeniyar tsaro da Amurka gaban Majalisar Tarayya, a karanta ta a fili, a faɗa wa 'yan ƙasa wa'adinta, da iyakar abin da aka yarda baƙi su yi, da kuma wanda zai biya diyya idan makami ya faɗa kan gidan talaka.